Sunan Inna a Kotun Lome

Unguwar Maourey, Yamai

Uwani,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ya tsare ki a kan hanyar nan da kowa ya san halinta yanzu, ya sauke ki Lome lafiya lau kamar yadda kika bar Yamai. Na cusa takardar a jakarki ƙarƙashin kilishi, don na san halinki, mota ba za ta yi nisa ba za ki kai hannu wurin.

Na san yadda sallamarmu za ta kasance a tasha. Za ki durƙusa, in ce Allah ya kiyaye hanya, in kau da kai ina gyara mayafi kamar wadda ta rako 'yar maƙwabta. Haka muka saba. Ke ce 'yar farina, kuma sunan Inna mahaifiyata aka raɗa miki, kunya biyu ke nan ta haɗu a kanki. A gidanmu na Damagaram mace ba ta kiran sunan uwarta, ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta zaunar da shi su yi hira ido cikin ido. Uwanin ma da kowa ke kiran ki da shi, sai ya zama dole nake faɗa. To, abin da baki ya kasa yau hannu zai yi. Ki yi haƙuri da rubutun wadda ta bar lakwal, makarantar boko, tun tana ƙarama.

Kin san abin da zai kai ki, amma bari in faɗa miki shi yadda yake a zuciyata, ba yadda Metir Hadiza lauyarmu take faɗinsa da faransancinta ba. Turaren wutar da muke yi, sunan Inna ne a jikin gwangwaninsa. A takardar hukuma kuwa sunan ba namu ba ne, na Baffanki Haruna ne, ƙanin mahaifinki. Kotun kasuwanci ta Lome ita ce ƙofa ta ƙarshe da ta rage mana. In ta ce namu ne, ya dawo gida. In ta ce nasa ne, ko kuma ke kika sa hannu a wata takarda kafin ta yi magana, to har in koma ga Allah ba ni da ikon sayar da turaren uwata da sunan uwata. Ciwon gwiwa da hawan jini sun hana ni tafiya, shi ya sa na ba ki wakilci a rubuce. Yanzu bakinki bakina ne, hannunki hannuna ne, kuma hannun nan shi nake tsoro. Bari in gaya miki yadda na kawo mu nan, don kada ki taka inda na taka.

Ba ki san Inna ba, kina rarrafe ta rasu. Wajen maƙwabtanta Barebari ta koyi haɗin turare, ta zo ta fi su, abin da har ta mutu ba su yafe mata ba. Tana jiƙa itacen hawi da gabgab, ta soya farcen turare da kanta don ba ta yarda da hannun kowa ba, ta rufe tulu ta hana a buɗe sai hancinta ya ce ya yi. In an ce za a kai amarya a unguwarmu, ba a cewa a sayo turare, sunanta ake kira. Da mahaifinki ya kawo ni Yamai na zo da haɗinta a kaina, na fara yi wa matan Maourey, daga nan na samu rumfa a babbar kasuwa. Shi marigayi ne ya sa aka buga sunanta a gwangwani. Ni dai shekara da shekaru ina sayar da abin da ban taɓa kiran sunansa ba. Mai saye ta zo ta ambata, in ce akwai. In zan aiki wani ya ɗauko, in ce a kawo na gida. Hajiya Bibata, Bazabarmiyar da rumfarta ke jikin tawa, kullum tsokanata take yi, wai ni ce kaɗai 'yar kasuwar da ba ta iya tallan kayanta ba.

Ina cikin takabar mahaifinki Haruna ya zo da takarda. Lokacin shi ke kai mana kaya ƙasashen bakin teku, yana da kamfaninsa a Lome. Ya zauna daga bakin ƙofa ya ce, "Yaya, ba don komai ba ne, don 'yan duwan masu karɓar harajin iyaka su daina tare mini kayanki a hanya. Yarjejeniya ce cewa ni ne mai sayar miki a waje." Ni kuwa ina lulluɓe, idona a kumbure, ina ganin rashin kunya ne mace mai takaba ta zauna tana bin takardar ƙanin mijinta layi-layi. Na karɓi alƙalami na sa hannu. A can ƙasan takardar akwai wasu layuka da suka ce duk rigimar da ta taso tsakaninmu, har da ta sunan kaya, kotun kasuwanci ta Lome ce za ta saurare ta. Layukan nan su ne suka ɗora ki a mota yau. Don haka, Uwani, duk takardar da aka miƙo miki, ki fara karanta ta daga ƙasa. Sama gaisuwa ce da daɗin baki. A ƙasa ake rubuta inda za a kai ki ranar da aka ɓata. Kuma kada ki sa hannu ranar da kike kuka, ko ranar da kike murna, ko ranar da kika sauka daga doguwar tafiya.

Bayan na fita takaba wata mai saye, ma'aikaciyar gwamnati ce, ta ce mini, "Hajiya, turarenki ya yi suna, ki je ki yi wa sunan rajista tun kafin wani ya riga ki." Ta kwatanta mini biro ɗin, wato ƙaramin ofishin da ke karɓar takardu ya aika su babban ofishi na Yawunde, inda ƙasashenmu masu faransanci suka haɗa rajistarsu wuri ɗaya. Na shirya na tafi da gwangwani a jaka. Ɗakin cike da maza. Ma'aikacin, mutum mai kirki, ya ce, "Madam, wane suna za mu rubuta?" Na tura masa gwangwanin. Ya ce, "Na gani, amma ki faɗa mini ki kuma rubuta shi nan da hannunki, kada mu yi kuskuren harafi." Wallahi sai na ji harshena ya yi nauyi. In kira sunan Inna gatsau a gaban maza baƙi, sunan da yake kuma naki? Na ce masa na manta wata takarda a gida, na ɗauki gwangwanina na fito, ina jin kaina mace mai tarbiyya.

Da na ba Haruna labari dariya ya yi har da riƙe ciki. Ya ce, "Haba Yaya, ina raye za ki wahala? Ki bar mini." Ya je ya yi. Ya kawo mini takarda mai hatimi, na sa masa albarka, na jefa ta akwati ƙarƙashin zannuwa. Ban duba layin da aka rubuta mai suna ba. Da na duba da na ga kamfaninsa ne a wurin. Ki ji ni da kyau: abin da yake naki, ke za ki tsaya da ƙafarki ki ce naki ne. Kunya ado ce a cikin gida, ban ce ki yar da ita ba. Amma ofishi bai san ta ba, wanda ya buɗe baki ya rubuta shi ake ba.

Ba a daɗe ba wata uwar amarya ta zo rumfata tana huci, ta dangwarar mini da gwangwani. Ta ce turarena ya sa wa 'yarta ciwon kai, ya kori baƙi daga ɗaki. Na buɗe na shinshina. Garin katako ne aka zuba wa ɗan turaren kanti, ko a kasko ba sai an sa ba. Gwangwanin kuwa namu sak, suna da zane da komai. Na bi sawu har na gano daga Lome yake shigowa. Na hau taksi na haye gada zuwa Harobanda, gidan Baffanki. Ya bari na gama faɗana tas, sannan ya ce cikin sanyin murya, "Yaya, kayanki ba sa isar kasuwa. Ke tulu kike jira, ni kwantena nake cikawa. Sunan kuma a hannuna yake, ki je ki duba takardarki."

A nan ne na yi wautar da ta fi ci mini rai. Maimakon in nemi lauya a ranar, sai na kai ƙara wajen dattawan kasuwa da manyan dangi, don kada a ce na kai ƙanin mijina gaban hukuma. Aka zauna, aka yi addu'a, aka ci goro, aka ce a sake zama. Zama na gaba Haruna ya yi tafiya. Na gaba azumi ya kama, aka ce a bari sai bayan salla. Bayan salla aka yi rasuwa a dangi. Kowane zama ana ce mini, "Hajiya, haƙuri, ɗan'uwa ne." Bibata ma da ta saba zuga ni sai cewa take da yarensu, "Kala suru, sai haƙuri, ƙawata." Ashe shi ofishin rajista yana da wa'adi. In wani ya rubuta sunan da kai ka riga shi amfani da shi, akwai ɗan lokacin da za ka kai kuka can kai tsaye a gyara ba tare da an je kotu ba. Muna shan shayi a kan tabarma wa'adin ya wuce. Haruna ya san da shi, ni ban sani ba, dattawan ma ba su sani ba, Allah ya ba su ladan niyyarsu. Ban hana ki sulhu ba, Uwani, sulhu alheri ne. Amma ki shigar da takardarki a kan lokaci tukuna, sannan ki zauna a tabarma. A Lome ma akwai zango, akwai dattawa, kuma za su zo miki da goro. Ki karɓa da hannu biyu, ki ce Metir ce ke magana.

Da na gane an yi wasa da hankalina, sai zuciya ta ɗebe ni. Kin san ni in na hau. Na tafi kwamisariya, ofishin 'yan sanda, na ce an yi mini sata. Kwamishinan ya juya gwangwanin biyu a hannunsa ya ce, "Hajiya, ni ɓarawon da ya haura katanga nake kamawa. Wannan mutumin yana da takarda. Ba ni ke cewa wane ne mai suna ba." Daga nan na wuce wata kotu ta unguwa, ba don na san aikinta ba, sai don mijin ƙanwata yana aiki a can, ina ganin in da naka a wuri magana ta fi sauri. Na yi ta zarya, ana ɗagawa, ina sayen ruwan sanyi a bakin ƙofa. Ranar da na sa rai za a yanke, alƙalin ya yi magana gajeruwa, aka fassara mini: wannan kotu ba ta da hurumi. Na ce mene ne hurumi kuma? Aka ce iyakar abin da doka ta ba kowace kotu ta taɓa. Rigimar 'yan kasuwa da ta sunan kaya akwai kotun da aka ware mata, kotun kasuwanci. Bai ce na yi ƙarya ba, bai ce ina da gaskiya ba, ko buɗe gwangwanin bai yi ba. Ashe kotuna kamar layukan kasuwa suke, ba a neman atamfa a layin mahauta ko da sarkin fawa surukinka ne. Saboda haka in kin isa, kada ki tambaya wa muka sani a can. Ki tambaya wace ƙofa ce tamu, ki kuma sake tambaya kafin ki shiga.

Lokacin da nake zarya a ƙofar da ba tawa ba, Baffanki ya shiga ta daidai da takardarsa a hannu. Wata ranar kasuwa, rumfa cike da mata masu sayayyar biki, sai ga wisiye, ma'aikacin nan da ke zartar da umarnin kotu, da 'yan sanda a bayansa. Ya karanta takarda ya ce ana zargin ina sayar da jabun kaya da sunan da ba nawa ba. Jabu, Uwani! Ni! Suka shiga sauke gwangwanaye daga kanta suna jerawa a kwali. Bibata ta fito tana ihu, "Kai malam, ka ji tsoron Allah! Sunan uwarta ne fa! Kowa a kasuwar nan ya sani!" Ya ce, "Madam, ni aike ne, abin da takarda ta ce nake yi." Ya juyo gare ni ya ce in ina da magana in faɗa ya rubuta. Abin da zan ce shi ne wance uwata ce, kuma bakina ya ƙi. Ban taɓa jin wulaƙanci irin na ranar ba, kuma ban taɓa jin haushin kaina irin na ranar ba.

Washegari Bibata ta ja ni har ofishin Metir Hadiza. Yarinya ce sa'arki, amma ta wanke ni tas kamar ita ta haife ni. Muka shigar da ƙara a kotun kasuwanci ta nan Yamai, muna neman a dawo mana da sunan tunda da ha'inci aka rubuta shi. Wannan kotu ta burge ni, ba zan ɓoye ba. Alƙali yana tsakiya, a gefensa 'yan kasuwa ne irinmu da aka zaɓa su taya shi, mutanen da suka san mene ne kwantena, mene ne sunan kaya. Alƙalin ya ce, "Hajiya, wane suna kike nema a dawo miki da shi?" Na ce, "Ranka ya daɗe, wanda ke jikin gwangwani." Lauyan Haruna ya yi murmushi ya ce a rubuta cewa mai ƙara ba ta ma iya faɗin sunan da take iƙirari ba. Ɗaya daga cikin 'yan kasuwar, wani dattijo, ya sunkuya ya yi wa alƙali raɗa, na san al'adarmu yake bayyana masa. Aka wuce wurin, amma Metir ta harare ni hararar da har yau ina jin ta.

Ba wannan ne ya kayar da mu ba. Lauyan nasa ya zaro takardar da na sa wa hannu cikin takaba, ya karanta layukan ƙasa. Kotu ta ce tunda 'yan kasuwa biyu sun amince tun farko a kai rigimarsu Lome, ita ba za ta shiga ba. Kalmar nan ta sake dawo mini, hurumi. A mota na ce wa Metir, "To shi ke nan, a ƙasar mutane wa zai saurare mu?" Ta ce, "Hajiya, dokar sunan kaya ɗaya ce nan da can, rajistarmu ɗaya. In kotun Lome ta yanke cewa sunan naki ne, hukuncin zai yi aiki har nan Yamai. Amma in kika sake sakaci da wa'adi, ni kaina ba ni da sauran dabara." Ta kuma ce in cire Kano daga lissafi, Najeriya rajistarta daban, kotunanta daban, wannan wata tafiya ce ta gaba. Na faɗa miki ne don na ji kina cewa in kin ci nasara za ki wuce can da takardar. Ki gama da ƙofa ɗaya tukuna.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Na ji wayar da kika yi da Baffanki a tsakar gida. Ba laɓe na yi ba, murya gare ki kamar ta mahaifinki. Daga amsarki na gane ya ce zai tarbe ki a tasha, ki sauka gidansa na Lome, kin ce masa to.

Ban ga laifinki ba. Da aka yaye ki, gidansa na Harobanda aka kai ki riƙo, kamar yadda ake yi da ɗan fari, ni kuwa na yi kamar ban damu ba don kada a ce na cika son 'ya. Shi ya kai ki lakwal a bayan babur, shi ya zauna da ke a asibiti da kika yi ƙyanda, a kafaɗarsa kika yi kuka ranar da mahaifinki ya rasu, ni ina gefe ina kallo. Na san in ya ce "'yata" zuciyarki narkewa take yi, kuma na san ni ban taɓa ce miki haka ba. Ban ce ba ya ƙaunarki ba, yana ƙaunarki. Amma ya san hannunki yanzu hannuna ne, kuma na san takardar da zai ajiye miki kusa da kwanon abinci, don ya taɓa aiko mini da irinta. Za ta ce ya yafe, ya ba mu izini mu ci gaba da sayarwa a Nijar da sunan, shi ya riƙe sauran ƙasashe, a janye ƙara, zumunci ya dawo. Za ki ga kamar adalci ne. Ki lura da kalmar izini. Wanda ya karɓi izini ya yarda ke nan cewa abin ba nasa ba ne, kuma mai ba da izini yana iya janyewa ranar da ya ga dama. Garin katakonsa kuma zai ci gaba da yawo da sunan Inna, amare suna tsine wa matar da ke kabari.

Don haka ga roƙona, ban ce umarni ba, don ban riƙe ki ba balle in yi miki iko. Ki sauka gidan da abokin aikin Metir ya tanadar miki. Ki kira Baffanki ki ba shi haƙuri. Ki je ki gaishe shi da rana, ki durƙusa har ƙasa, ki kai masa kilishin in kin rage. Kada ki ɗaga masa murya, kada ki bari wani ya zage shi a gabanki, uba ne. In ya kawo takarda ki ce, "Baffa, ba ni da iko sai lauya ya gani." Zai ce, "Ni za ki haɗa da lauya? Ni da na goya ki?" Zai yiwu ya yi hawaye, kuma hawayen na gaskiya ne. Ki yi kuka tare da shi in kukan ya zo miki, amma hannunki ya zauna cikin mayafi. In kuma ranar zaman kotu ta zo aka ce miki an yi rasuwa ko an shirya zaman dangi, ki je kotu tukuna, gaisuwar mutuwa ba ta da wa'adi.

Saura abu ɗaya. Metir ta ce tunda ba zan je ba, kotun Lome tana bukatar shaidata a rubuce daga bakina: wace ce mai sunan, yaushe ta fara, yaya aka yi ya koma hannun Haruna. Ta ce wannan karon babu "na gida", babu "wanda ke jikin gwangwani". Na yi ta ja mata rai, ina cewa gobe. Shekaranjiya ta zo har rumfa ta ce, "Hajiya, 'yarki za ta tsaya gaban mutumin da ya rene ta saboda ke. Ke ba za ki iya buɗe baki saboda ita ba?" Na ji kamar ta mare ni, don gaskiya ta faɗa.

Jiya muka je wajen wisiye, kuma don Allah ya nuna mini ikonsa, shi ne dai wanda ya kwashe mini kaya. Bibata ta raka ni, ta riƙe mini jaka. Ya gyara takarda ya ce, "Madam, sunan mahaifiyarki?" Na ji kamar Inna tana bayana da muciya. Sai na tuna an riƙe ki na yi shiru, an riƙe sunan na yi shiru, kuma duk shirun nan ban ga abin da ya tsare mini ba. Na faɗa. Ya ce bai ji ba, in ɗaga murya. Na sake faɗa har na waje suka ji. Rufin bai faɗo ba. Bibata ce kawai ta fashe da kuka, sakarya, kamar ita aka tambaya. Shaidar tana cikin dosiye ɗin takardun shari'a da ke hannunki, ki riƙe shi a jikinki, kada ki sa shi cikin kayan da ake ɗaurewa a saman mota.

In alƙali ya tambaye ki wane suna kuke nema, kada ki nuna gwangwani. Ki miƙe tsaye ki ce sunan kakarki ne, kuma naki ne, kin zo karɓar abinku.

Allah ya tsare gabanki da bayanki, ya kare ki daga sharrin hanya da sharrin daɗin baki, ya sa ki shiga ƙofar da take taki a kan lokaci. Allah ya shiryi Baffanki ya sassauta zuciyarsa, ya jiƙan Inna da mahaifinki. Ki riƙe salla, ki ci abinci, ki kira in kin sauka ko da ba za mu ce komai ba sai lafiya lau. Ko an ci ko ba a ci ba, gidanki yana Maourey.

Ki je ki dawo mini lafiya, Rakiya, 'yata.

Ni ce mahaifiyarki.